Sunan jami'a ko ƙwazon ɗalibi: wanne ya fi nauyi ga mai fita karatu waje?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Yau za mu tsaya a kan wata tambaya da ke hana masu shirin fita karatu waje barci. Ga takardun samun gurbi guda biyu a hannun mutum. Ɗaya daga jami'ar da duk inda aka ambace ta an san ta, amma kuɗinta sai an ci bashi. Ɗaya kuma daga jami'ar da sai ka maimaita sunanta kafin a gane, amma ta yafe masa rabin kuɗin makaranta. Iyaye na cewa a bi suna. Abokai na cewa ai ko ina ka je ƙoƙarinka ne zai fisshe ka. Shi kuma ya rasa na kamawa.

Zan faɗi matsayata tun yanzu, sannan mu bi hujjoji. Akwai wani mataki na ƙasa wanda idan jami'a ba ta kai shi ba, babu ƙwazon da zai cece ka. Akwai kuma wasu 'yan wurare can sama da ba a cika shigarsu ba sai da sunan babbar makaranta. Amma tsakanin waɗannan biyun, inda mafi yawan ɗalibai za su tsinci kansu, abin da ka yi da shekarunka a makarantar ya fi sunanta nauyi, nesa ba kusa ba.

Mu fara da matakin ƙasa, domin shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Kafin a yi maganar ko jami'a ta shahara, sai an tabbatar hukumomi sun amince da ita, kuma sun amince da kwas ɗin da za ka yi. Mai son karatun likitanci ya duba ko makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, sannan ya tambayi hukumar likitocin ƙasar da yake son yin aiki ko za ta bar shi ya zauna jarrabawarta. Mai karatun injiniya ya duba ko hukumar da ta tantance kwas ɗinsa tana cikin yarjejeniyar Washington, wadda aka ƙulla a 1989 domin ƙasashe su riƙa karɓar digirin injiniya na juna. Sannan akwai izinin ɗaukar ɗalibai baƙi. A watan Agustan 2012 hukumar shige da fice ta Birtaniya ta ƙwace wannan izini daga jami'ar London Metropolitan, ɗalibai fiye da 2,000 suka wayi gari ba su san makomarsu ba, sai a 2013 aka mayar wa jami'ar izininta. A Kanada kuma, a 2024 gwamnati ta daina ba da izinin aiki na bayan karatu ga sababbin ɗaliban kwalejojin 'yan kasuwa da ke koyar da manhajar kwalejojin gwamnati bisa yarjejeniya. A cikin waɗannan ɗalibai akwai haziƙai masu kwana a ɗakin karatu. Hazaƙarsu ba ta canza doka ba.

To, a ce makarantun biyu duk sun tsallake wannan. Sai a koma jerin gwanayen jami'o'i, wannan ta 40, waccan ta 400. Me lambar take aunawa?

Ɗauki jerin Shanghai, wanda aka fara fitarwa a 2003. Kashi 30 cikin 100 na makinsa ya rataya ne a kan yawan malamai da tsofaffin ɗaliban jami'ar da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi. Sauran kuma kusan duka muƙalun bincike ne da yawan ambatonsu. A jerin QS, bisa tsarin da suka koma kai a 2023, kashi 30 ra'ayin malaman jami'o'i ne game da ƙimar makaranta, kashi 15 ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata, kashi 20 kuma yawan ambaton binciken malamanta. Wato kusan rabin makin, tambayar mutane aka yi wace jami'a suke ganin girmanta, su kuma suka ambaci wadda dama ta yi suna. Babu wanda ya shiga aji ya ga ko malamin yana iya bayani, ko yana duba aikin ɗalibi ya mayar masa da gyara. Farfesan da ya ɗaga makin jami'ar da kyautarsa, mai yiwuwa ka gama digirinka ba ka taɓa haɗa ido da shi ba.

Lambobin ma ba daga sama suka sauko ba. A 2022 wani farfesan lissafi na jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya bi diddigin alƙaluman da jami'arsa take miƙa wa mujallar US News, ya nuna ba su yi daidai ba. Jami'ar ta amsa cewa ta miƙa bayanan da ba daidai ba, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Malaman su ne dai, azuzuwan su ne dai, lamba ce kawai ta sauya. Jamus ma misali ce ta wata fuskar: bincike mai yawa a ƙasar ana yin sa ne a cibiyoyi irin su Max Planck da Fraunhofer, waɗanda ba jami'o'i ba ne, don haka ba duka ƙarfin ƙasar ke bayyana a jerin jami'o'i ba.

Yanzu ga tambayar kanta. Kowa ya san waɗanda suka fito daga manyan jami'o'i sun fi samun albashi. Amma jami'ar ce ta mayar da su haka, ko dama haziƙai ta zaɓa? Masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun samo dabarar raba waɗannan biyu. Suka ɗauki ɗaliban da suka shiga jami'a a 1976, suka haɗa waɗanda suka nemi makarantu iri ɗaya kuma aka ba su amsa iri ɗaya. A ce mutum biyu duk babbar jami'a ta ɗauke su, ɗaya ya tafi, ɗaya ya zaɓi wadda ba ta kai ta tsauri ba. Bayan kusan shekara 20 aka duba abin da suke samu. A sakamakon da suka wallafa a 2002, kusan babu bambanci. Suka sake aikin bayan wasu shekaru, suka ƙara da 'yan ajin 1989, amsar ba ta sauya ba. Abin da ya sa babbar jami'a ta ga mutum ya cancanta, wato basirarsa da burinsa da naci, shi ne ya bi shi duk inda ya je.

Sai dai kada a ɗauki wannan a gudu da shi. Makarantun da aka kwatanta duk masu inganci ne. Mai kyau aka gwada da wadda ta fi ta, ba mai kyau da ta banza ba. Kuma akwai waɗanda binciken ya ware: baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Su kam babbar jami'a ta ƙara musu samu a zahiri.

Ina so mu daɗe a nan, domin wannan ne ya fi shafar baƙo. Me ya sa suna ya fi amfanar waɗannan? Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, ɗan masu hali da ya zaɓi ƙaramar makaranta bai rasa komai ba, domin yana da kawu ko abokin mahaifi da zai ɗaga waya a kira shi ganawar neman aiki. Wanda ba shi da kowa, jami'ar ce take zame masa wannan kawun. Ita ke haɗa shi da mutanen da gidansu ba zai iya haɗa shi da su ba. Binciken a kan 'yan ƙasa aka yi shi, amma ka dubi ɗalibin da ya sauka a filin jirgi da akwati biyu. Ko da ɗan wane ne a inda ya fito, a nan ba wanda ya san shi. Mai ɗaukar aiki bai san makarantar sakandarensa ba, ba zai iya auna sakamakonsa na baya ba. Sunan jami'ar ne abu ɗaya tilo a takardarsa da za a gane da kallo ɗaya. Don haka duk wanda ya ce wa baƙo suna ba komai ba ne, bai yi masa adalci ba.

Can sama kuwa, suna yana aiki sosai. A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar da bincike a kan jami'o'i 12 mafiya tsauri a Amurka, irin su Harvard da Yale da Stanford da MIT. Suka bi ɗaliban da aka ajiye a layin jira, waɗanda daga baya aka ɗauki wasu aka bar wasu, alhali kusan ƙarfinsu ɗaya. A matsakaicin albashi bambancin kaɗan ne, wanda ya yi daidai da abin da Dale da Krueger suka gani. Amma damar shiga cikin kashi 1 cikin 100 na mafiya samu ta ƙaru da rabi ko fiye, damar shiga babbar makarantar digiri na gaba ta kusa ninkawa biyu, ta samun aiki a fitattun kamfanoni kuma ta kai kusan ninki uku. Haka abin yake ga mai son zama malamin jami'a. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2022, a kan malamai kusan 300,000, ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na malaman jami'o'in Amurka da suka yi digirin digirgir a ƙasar sun fito ne daga kashi 20 kacal na jami'o'inta. Biyar daga ciki, Berkeley da Harvard da Michigan da Wisconsin-Madison da Stanford, su kaɗai suka yaye kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas.

Har dokar biza suna ya shiga. A 2022 Birtaniya ta buɗe wata biza ga waɗanda suka gama manyan jami'o'in wajen ƙasar, kuma a lokacin sharaɗin shi ne jami'ar ta kasance cikin 50 na farko a aƙalla biyu daga jerin QS da Times Higher Education da Shanghai. Holan ma tana ba da shekara guda ta neman aiki ga waɗanda suka fito daga jami'o'in da ke cikin 200 na farko. Amma ka lura da ɗaya gefen: wata 18 da Jamus take ba wanda ya kammala karatu a ƙasar domin neman aiki, ba ta tambayar lambar jami'arsa. Haka wata 12 na aikin bayan karatu a Amurka, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi. Kwas ɗin ake dubawa, ba shaharar makarantar ba.

To idan burinka babban bankin zuba jari ne, ko kujerar farfesa a Amurka, ka nemi suna ido rufe. Idan kuwa burinka ka zama ƙwararren injiniya, ko ma'aikacin jinya, ko mai harhaɗa magunguna, ko masanin kwamfuta mai rufin asiri, to maganar ta dawo kanka.

Me ake nufi da ƙwazo a nan? Yawancinmu idan an ce ƙwazo, karatu ba dare ba rana muke ji. Wannan wajibi ne, amma ba shi kaɗai ba ne. A 2014 kamfanin Gallup mai tattara ra'ayoyin jama'a da jami'ar Purdue suka tambayi mutum kusan 30,000 da suka gama digiri a Amurka game da aikinsu da jin daɗin rayuwarsu. Ko makarantar ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, mai tsauri ce ko mai sauƙin shiga, bai sauya amsar sosai ba. Abin da ya raba su shi ne ko sun samu malamin da ya damu da su a matsayin mutane, da wanda ya sa musu sha'awar ilimi, da wani babba da ya ja su a jiki ya ƙarfafa musu gwiwa. Sannan ko sun yi wani aikin bincike da ya ɗauki zangon karatu guda ko fiye, ko sun je sanin makamar aiki, ko sun shiga harkokin ƙungiyoyin ɗalibai sosai. Kashi 3 cikin 100 ne kawai suka ce sun samu duka shidan. Ka duba su da kyau, babu ko ɗaya da ake rabawa ranar rajista. Duk sai mutum ya tashi ya nema.

Bari in nuna maka yadda abin yake a aikace. A yawancin jami'o'in Amurka da Turai, malami yana da sa'o'in da ya keɓe wa ɗalibai kowane mako. A rubuce suke a takardar tsarin darasi, wani lokaci a liƙe a ƙofar ofishinsa: Talata, ƙarfe biyu zuwa huɗu. Yana zaune, ƙofa a buɗe. Mako ya zo ya wuce ba mai leƙowa, sai jarrabawa ta matso a yi masa cincirindo ana tambayar abin da zai fito. Baƙon ɗalibi ya bi ta gaban ƙofar, ya rage tafiya, sai kunya ta kama shi. Yana ganin shiga wurin babban mutum ba kira rashin ladabi ne, ko kuma za a ɗauke shi daƙiƙi, ko harshensa ya harɗe. Sai ya wuce. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wata ɗaliba kuma ta ƙwanƙwasa a mako na uku. "Farfesa, barka da aiki. Na karanta muƙalar da kuka ba mu. Na gane sakamakon, amma ban gane dalilin da ya sa suka cire waɗannan alƙaluman kafin su yi lissafi ba." Minti goma suka yi. Bayan mako biyu ta dawo da wata tambayar. Kafin zangon ya ƙare ya san sunanta, ya san yadda take tunani. Ranar da aka samu gurbin mai taimakawa a ɗakin gwaje-gwajensa, ita ce ta faɗo masa a rai. Ranar da ta nemi wasiƙar shaida domin digiri na biyu, abin da zai rubuta ya wuce "ta yi darasina, ta ci maki mai kyau". Zai ba da labarin ranar da gwajinta ya lalace da yadda ta gano inda matsalar take. Masu tantance takardu sun karanta dubban wasiƙu, suna bambance wadda aka rubuta don sauke nauyi da wadda malami ya san ɗalibinsa. Irin wannan wasiƙa daga jami'a ta 300 ta fi wasiƙar sauke nauyi daga jami'a ta 30 amfani. Kuma sau da yawa a matsakaiciyar jami'a ya fi sauƙi a san da zamanka, domin a babbar, ɗaliban digirin digirgir sun riga sun cika ɗakin gwaje-gwajen.

Wannan wasiƙa ce ke sa jami'ar farko ba ta zama ta ƙarshe ba. Satya Nadella, wanda ya zama shugaban Microsoft a 2014, ya yi digirinsa na farko a Manipal a Indiya, ya je Amurka ya yi na biyu a jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee, wadda ba ta cikin waɗanda ake rububi. Sai daga baya, yana cikin aiki, ya yi digirin kasuwanci a jami'ar Chicago. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, domin dubbai sun bi hanyar ba su kai inda ya kai ba. Abin ɗauka shi ne jerin matakan: babban suna ya zo a mataki na uku, bayan aikinsa ya riga ya yi magana.

Akwai wani abu da masu cewa "ƙoƙarinka ne kawai" suke mantawa, kuma yana ci mini rai. Ƙwazo yana buƙatar lokaci, lokaci kuma kuɗi ne ke sayensa. Ɗalibin da ya zaɓi jami'a mai tsada da niyyar zai riƙa aiki yana biya, lissafinsa ba ya cika fita. Birtaniya sa'a 20 a mako ta yarda wa ɗalibin digiri lokacin karatu. Amurka ma 20, kuma a cikin harabar makaranta. Kanada ta tsayar da 24 a ƙarshen 2024. Jamus cikakkun kwanaki 140 a shekara. Waɗannan sa'o'i sukan taimaka da haya da abinci, amma da wuya su biya kuɗin babbar jami'a. Wanda ya kwana yana ɗaukar kaya a ɗakin ajiya, ya zo aji ido jawur, ba shi ne zai je ofishin malami ranar Talata ba. Ba shi ne zai karɓi aikin sanin makama mai ƙaramin albashi a fannin da ya karanta ba, domin mai bin bashi yana jira. Ya biya kuɗin suna, amma abin da ke cikin sunan, wato mutanen da damarmakin, ya wuce shi yana barci. Shi ya sa idan aka ba ni zaɓi tsakanin shahararriyar jami'a da bashi mai nauyi, da jami'a mai inganci da tallafin da zai bar mutum ya yi karatu da kwanciyar hankali, ta biyun zan nuna wa ƙanena. Idan kuwa babbar ce ta ba da cikakken tallafi, to babu abin tsayawa shawara, a tafi.

Harshe ma haka. A Jamus ko Faransa ko Japan ana iya gama digiri na biyu da Turanci zalla, amma yawancin ayyukan da ke wajen harabar da harshen ƙasar ake yin su. Darasin harshe galibi yana nan a jami'ar, wani wuri kyauta wani wuri da araha, kuma ba mai tilasta maka. Wanda ya fara tun zangon farko da wanda ya bari sai ya karɓi takardar kammalawa, watanni 18 ɗin nan na neman aiki a Jamus ba iri ɗaya za su zame musu ba.

In an zo zaɓe, ingancin da ya kamata ka bincika yana ƙasa da sunan jami'a: sashen da za ka shiga, da tsarin kwas ɗin, da garin da makarantar take. Jami'ar Waterloo a Kanada tun kafuwarta a 1957 take da tsarin da ɗalibi zai yi wata huɗu a aji, wata huɗu a wurin aiki ana biyansa, har ya fita da gogewar da ta kai shekara biyu. Jami'o'in koyon aiki na Jamus, waɗanda ba ka cika ganinsu a saman jerin duniya ba, da yawansu suna wajabta zango guda cur a kamfani. Irin wannan tsari yana ɗauke wa baƙo rabin wahalar neman hanya. Ga mai digirin digirgir kuwa, malamin da zai duba aikinsa ya fi tambarin jami'ar tasiri a rayuwarsa ta shekara uku zuwa shida: yana da kuɗin bincike, yana ganin ɗalibansa a kai a kai, suna gamawa a kan lokaci?

Amsar waɗannan ba ta cikin ƙasidar talla, kuma ba lalle ka same ta wurin dillalin makarantu ba, domin da yawansu jami'ar ce ke biyansu la'ada a kan kowane ɗalibin da suka kawo. Ka shiga LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, ka rubuta sunan kwas ɗin da na jami'ar, ka ga inda waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce suke aiki yanzu, musamman baƙi irinka, domin sakamakon 'yan ƙasa ba naka ba ne. Ka aika wa biyar ko shida daga cikinsu gajeren saƙo. Ka tambaye su mutum nawa ne a aji, ko malamai suna amsa imel, ko sashen ne ya samo musu wurin sanin makamar aiki ko su suka yi ta faɗi-tashi, da kuma nawa daga cikin baƙin ajinsu suka samu aiki a fannin kafin bizarsu ta ƙare. Sannan ka rubuta wa sashen kansa ka yi musu wannan tambaya ta ƙarshe, ka ajiye amsarsu kusa da ta ɗaliban kafin ka biya kuɗin kama gurbi.